Kunya da Sabo: Lacca ga Sababbin Ma'aikatan Jami'a kan Tsare Lafiya a Wurin Aiki

 Mai girma shugaban taro, Malam Magatakarda, shugabannin tsangayu da na sassa, iyayena da yayyena da ke zaune a sahun gaba, sai kuma ku da aka tara mu dominku, ƙannena da 'ya'yana sababbin ma'aikata: barkanku da samun aiki. Allah ya sa ku gama lafiya, ku karɓi fanshonku da hannuwanku biyu, ku ƙirga shi da idanunku biyu.

Na ji wasu sun yi dariya, amma addu'ar nan da gaske nake yinta. Na fi shekara talatin a ɗakin gwaje-gwaje, kuma na san mutanen da suka kai ranar ritaya yatsunsu ba su cika goma ba.

Na lura ɗazu da wakilin Ma'aji yake bayanin albashi da alawus, ko tari babu wanda ya yi. Yanzu an ci abinci, an yi sallah, fanka tana kaɗawa, an kuma miƙo muku wani tsoho zai yi maganar gobara. To bari in fara da tambaya, kuma kada kowa ya waiga. Ƙofa nawa ce a wannan zaure? Wanda ya tabbata ya ɗaga hannu. Na ga hannu kaɗan, yawancinsu ma na masu gyaran lasifika ne. Kun shafe awa huɗu a nan, amma in hayaƙi ya turnuƙe yanzu, dukanmu ƙofar da muka shigo ta ita za mu nufa, domin ita kaɗai muka sani.

Mutane da yawa suna ɗaukar jami'a wurin alli da takarda ne kawai. Jami'a gari ce. Tana da gona da garken shanu, da asibiti, da kicin mai manyan tukwanen gas, da injinan fafe ƙarfe, da janareto mai girman ɗaki, da tankunan ruwa masu tsawon bene, da motocin da ke bin manyan hanyoyi dare da rana. Wata ma har da abin da ya fi haka: a Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004. Duk haɗarin da ke cikin masana'anta akwai ɗan'uwansa a jami'a, sai dai a nan an rarraba shi ɗaki-ɗaki, an kuma zuba dubban matasa suna kai da komo a tsakani. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ne ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aikinsu, kuma mafi yawansu ba faɗowa suka yi daga bene ba, cuta ce aikin ya sa musu a hankali.

Abu biyu na ga suna kai ma'aikaci asibiti: kunya da sabo. Ta farkon taku ce, sababbi. Na biyun namu ne, tsofaffi.

Bari in fara da kaina. A watana na farko a bakin aiki, a wata makaranta da ba sai na faɗi sunanta ba, aka ba ni kwalabe in wanke. Cikinsu akwai wata da ɗan ruwa mai yauƙi a gindinta, takardar jikinta ta goge. Maigidana yana zaune taku biyar daga inda nake. Zuciyata ta ce in tambaye shi, sai wata zuciyar ta ce: yanzu ka zo da takardar shaidarka, za ka nuna ba ka san abin da ke cikin kwalba ba? Na tara kwalbar a famfo. Sai ji na yi ta yi huci, ta yi zafi a hannuna, ta feso. Asid ne mai ƙarfi. Ga tabon nan a wuyan hannuna, na gaba suna iya gani. Na san ƙa'idar tun a aji: asid ake tsiyayawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Abin da ban sani ba shi ne mene ne a kwalbar, kuma maganin wannan kalma huɗu ce: Malam, mene ne wannan?

An tarbiyyantar da mu da kunya, kuma ado ce a gida. Yaro ba ya tsare babba da tambaya, ba ya ce masa ban gane ba sau biyu. Amma injin ba ya jin kunyar kowa. Hausawan da suka koya mana kawaici su ne kuma suka ce matambayi ba ya ɓata.

Kada ku ɗauka wannan matsalar ƙasashen da ba su da kayan aiki ce. A ranar 29 ga Disamba 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a Amurka, wata matashiya mai suna Sheri Sangji, 'yar shekara 23, tana aiki a ɗakin gwajin sinadarai. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan da ɗaukarta aiki, wato sabuwa ce kamarku. Tana zuƙo wani sinadari da sirinji, irin wanda ke kama wuta da kansa da zarar iska ta taɓa shi, sai matosar sirinjin ta fice gaba ɗaya. Sinadarin ya zubo mata, ya kama. Ba ta sanye da rigar ɗakin gwaji, rigar sanyin da ke jikinta kuwa ta zaren roba ce, wadda ke ci kamar an zuba mata fetur. Akwai shawar gaggawa a ɗakin, amma ba ta shiga ƙarƙashinta ba. Ta ƙone fiye da kashi 40 cikin ɗari na jikinta, ta rasu ranar 16 ga Janairu 2009. Binciken hukuma ya nuna ba a ba ta horon da ya kamata ba. Aka gurfanar da jami'ar da farfesan da ke kula da ita a gaban kotun laifi, abin da ba a saba gani ba. Hukumar jami'ar ta amsa cewa alhakin yanayin ɗakin yana wuyanta, shi kuma farfesan ya yi sulhu da masu gabatar da ƙara a 2014, bisa sharaɗin aikin al'umma na awa 800 da biyan dala 10,000.

Shugabannin sassa, wannan ɓangaren naku ne. Yarinyar nan ba ganganci ta yi ba. An miƙa mata aiki ba a nuna mata ba, kuma ba a tilasta sa rigar kariya a ɗakin ba. Duk wanda aka ba ka sabon ma'aikaci, amana aka ba ka. In ka ce masa “je ka yi” ba ka taɓa tsayawa a kansa ka ga ya yi ba, abin da ya same shi da hannunka a ciki.

Maganar rigar nan ta shafe mu kai tsaye, domin mu mutanen yalwar tufafi ne. Babbar riga, da mayafi, da dogon hijabi, duk sutura ce ta mutunci, amma ba a yi su don tsayawa kusa da harshen wuta ko injin mai juyawa ba. Injin fafe ƙarfe in ya cafki gefen hannun riga ba ya saki, sai ya naɗe mai rigar. A 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Yel ta rasu a ɗakin injuna da dare, ita kaɗai, saboda irin wannan injin ya kama gashin kanta. 'Ya'yana mata, ba wanda ya ce ku cire lulluɓi. Ku nemi gajeren hijabi na auduga, ku tura shi cikin rigar aiki, ku ɓalle maɓallai. Auduga in ta kama wuta tana ci ne ta zama toka, yadin roba kuwa narkewa yake ya manne a fata. Maza, a rataye babbar riga a ofis. Silifas kuma na zuwa alwala ne, ba na shiga ɗakin gwaji ko kicin ba.

Sabo kuwa, Hausawa sun riga sun yi masa suna: turken wawa. Sai dai ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba. Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Datmos a Amurka ƙwararriya ce a kan gubar ƙarafa, ita ake zuwa tambaya. A watan Agusta 1996 ɗigo ɗaya ko biyu na wani sinadarin zaiba ya zuba a kan safar hannunta ta roba. Ta bi duk ƙa'idar da aka sani a lokacin, ta cire safar, ta share wurin, ta tafi gida. Sai bayan kamar wata biyar ta fara tangaɗi, maganarta ta fara sarƙewa. Ta rasu a watan Yuni 1997 tana da shekara 48. Da aka gwada daga baya, sai aka gano sinadarin yana ratsa irin wannan safa cikin daƙiƙa goma sha biyar. Kowa ya saba da safar, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya ko tana tare wannan guba. Don haka in an ba ka safar hannu ko takunkumi, tambayi abin da aka yi su su tare. Takunkumin ƙura na hunturu ba ya tare tururin sinadari, kamar yadda gidan sauro ba ya tare hayaƙi.

A nan ne nake saɓawa da yadda muke fahimtar tsaro. Da an ce tsaro, sai a yi odar hular kwano da takalma a raba, a ɗauki hoto. Masana harkar kuwa kayan sawa su ne na ƙarshe a lissafinsu. In akwai rami a tsakar gidanka, abu na farko ka cike shi. In ba zai ciku ba, ka rufe shi da murfi mai nauyi. In ba hali, ka kewaye shi ka gargaɗi yara. Sai duk waɗannan sun gagara ne za ka fara tunanin saya wa kowa takalmi mai kama ƙasa. Haka abin yake a wurin aiki: a kawar da haɗarin, ko a musanya shi da mai sauƙi, ko a killace shi, sannan a zo kan kayan kariya.

To, na ga akawuna da sakatarori sun miƙe ƙafa, suna cewa wannan ta 'yan kimiyya ce. Ku matso, taku ta zo, kuma sunanta wutar lantarki. Gobarar ofis a ƙasar nan kusan labarinta iri ɗaya ne. An ɗauke wuta ƙarfe biyu, an bar hita a cikin bokiti ko butar shayi a jone, an kulle ofis an tafi. Tsakar dare aka kawo wuta. Ruwan ya ƙone, roba ta narke, ga takardun shekara ashirin a kan kanta suna jira. Soket ɗin bango an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13. Butar lantarki ɗaya ta kusa cinye wannan, amma sai ka ga an jona wayar ƙari a kan wayar ƙari, an ɗora firiji da na'urar hoton takardu da hita, sannan an shimfiɗa kafet a kan wayar don kada ta ɓata ado. In ka taɓa fulogi ka ji zafi, ko ka ga soket ya yi baƙi, ko ka ji ƙaurin roba, wutar ta riga ta yi sallama. Ka kashe, ka cire, ka kira Sashen Ayyuka. Kada ka tura tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana, ko da ka ga wanda ya girme ka yana yi. In kuma wutar lantarki ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu, za ku zama biyu. Kashe makunni, in bai samu ba ka ture shi da busasshen katako.

Wuta kamar tukunya take a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita: zafi, da iska, da abin da za ta ci. Cire ɗaya, ta faɗi. Jajayen tukwanen kashe gobara da kuke wucewa a baranda kowace da dutsen da take cirewa, shi ya sa ba iri ɗaya ba ne. Ku duba tambarin jikinsu. Ta ruwa don takarda da katako da yadi ce kawai. In ka fesa ta a kan wutar lantarki, wutar za ta biyo ruwan ta same ka. In ka fesa a kan mai, sai ya fantsama ya bazu. Mai baƙin tambari iska ce a ciki, ita ce ta kayan lantarki. Mai shuɗin tambari hoda ce, tana yi wa yawancin gobara, sai dai tana ɓata na'urori tana kuma toshe gani a cikin ɗaki. Yadda ake amfani da su: zare fil, saita gindin wutar ba harshenta ba, matsa, ka riƙa kaɗawa dama da hagu. Ku sani kuma ba ta daɗewa, ƙarama ba ta kai rabin minti ta ƙare. Don ƙaramar wuta aka yi ta, irin ta kwandon shara. In wuta ta fi ƙarfinka, ka yi ihu, ka fita, ka ja ƙofa a bayanka, ka kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112. Kada ka koma ɗauko kwamfuta. Hayaƙi ne ke kashe yawancin mutane kafin wutar ta iso gare su, kuma sama yake bi, don haka in ya cika ɗaki a duƙa a yi rarrafe.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Tsoron ɓarawo ya sa mun mai da gine-ginenmu kurkuku. Kowace taga da ƙarfe, ƙofar baya an ɗaure da sarƙa da kwaɗo, makullin yana aljihun wani da ya tafi kasuwa. A ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinki a birnin Niyok. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, kuma da yawa sun mutu ne a bakin ƙofar da aka kulle don kada ma'aikata su saci yadi. Ginin nan yana tsaye har yau, mallakar Jami'ar Niyok ne, ana koyar da kimiyya a ciki. Ban ce a bar kayan gwamnati a buɗe ba. Akwai makullin da ake buɗewa daga ciki da turi ɗaya, daga waje kuwa ba ya buɗuwa. Kuɗinsa bai kai na kujerar shugaban sashe ba. Gobe in ka shiga ofishinka, ka nemo hanyar fita ta biyu, ka taka ta da ƙafarka har waje. In ka tarar da kwaɗo ko tarin karyayyun kujeru, ka rubuta.

Janareto kuma waje ake ajiye shi, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Masu gadi da ke kwana a ɗan ɗaki da kaskon gawayi lokacin sanyi, haɗarinku ɗaya ne.

Ma'aikatan asibitin jami'a da na ɗakunan gwajin jini, ku kun san abin da zan faɗa, amma ku bari na baya su ji. Zazzaɓin Lassa sunan wani gari ya ci a jihar Borno, inda aka fara gane shi a 1969. Waɗanda ya fara kashewa a rubuce ma'aikatan jinya ne biyu, ta biyun ta ɗauka ne wajen jinyar ta farkon a Jos. Da aka kai samfurin jini Jami'ar Yel, sai zazzaɓin ya kama babban masanin da ke binciken, Jordi Casals, ya sha da ƙyar. Bayan 'yan watanni ya kashe wani ma'aikacin ɗakin gwaji a can, wanda ba ma shi ke aiki a kan ƙwayar cutar ba. A 1970 kuma likita Jeanette Troup ta yanke hannu a Jos tana binciken gawa, ita ma ta rasu. Cutar tana nan har gobe, ta fi tashi da rani, kuma ɓera ne ke yaɗa ta da fitsarinsa da kashinsa. Don haka mai kula da sito da mai sharar kicin suna cikin lissafi. In allurar da aka yi wa wani ta soke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, ka sanar nan take. Akwai maganin da ke tare ƙwayar cutar ƙanjamau, amma dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B sau uku ake yi. Duk mai taɓa jini ko sharar asibiti ya nema, har da masu wanki.

Na ambaci masu shara, bari in tsaya a kansu. Su ne suke fara shiga kowane ɗaki da asuba, su ne kuma ba a kira wa irin wannan taro sai an tuna. Fasasshen gilashi da allurar da ka jefa a kwandon takarda, hannun wata baiwar Allah za su tarar. Na taɓa buɗe firijin ma'aikata na ga gorar ruwan sha, ashe wani ne ya ɗura maganin adana gawa a ciki don kwalbarsa ta fashe, bai rubuta komai a jiki ba. Masinjanmu ya riga ya ɗauko kofi. Warin ne ya cece shi. Kada a zuba sinadari ko fiya-fiya a gorar abin sha, kada a ajiye abinci a firijin samfur, kada kuma a gauraya ruwan bilic da wani maganin wanke bayi don wai ya fi ƙarfi, domin iska mai guba yake fitarwa. Sannan ruwan alwala a kan tayil ya karya ƙugu da yawa. Ba na jin akwai haɗarin da muka raina kamar santsi.

Ma'aikatan gona da masu yankan ciyawa, takalmin roba mai tsawo shi ne abokinku. Kububuwa ƙarama ce, kalar ƙasa gare ta, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Ku tambayi asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. In ta sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a cire zobe, a kai shi inda ke da allurar dafi. A bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shugaban lebura mai hankali da sassafe yake sa a yi aiki mai nauyi, balle in azumi ya faɗo a ciki. Wanda ka ga ya rikice yana sambatu a rana, jikinsa ya yi zafi rau, ba aljanu ba ne. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti.

Tun da na shiga taimakon farko, bari in roƙi iyayena mata abu ɗaya. In an ƙone, ruwan famfo mai sanyi za a sakar wa wurin na minti ashirin. Ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki. In sinadari ya shiga ido, a buɗe idon a wanke da ruwa aƙalla minti goma sha biyar, agogo a hannu, domin minti biyu a wannan hali kamar awa yake.

Akwai kuma tsofaffin gine-gine. Yawancin jami'o'inmu na farko an gina su ne tsakanin shekarun 1960 da 1970, zamanin da ake yin silin da rufi da asbestos. In yana zaune lafiya ba ya cutarwa. In an fasa shi ko an huda, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, sai bayan shekara ashirin ko talatin cutar ta bayyana. Kafinta da mai gyaran wuta, ku tambaya kafin ku sa zarto.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa tun ɗazu: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar yadda ka yi. Amma ɗazu na ga ka kulle babur ɗinka da kwaɗo biyu kafin ka shigo. A duk haɗarin da na taɓa zama kwamitin bincikensa, sai an sami wanda zai ce, “Ai dama wayar nan ta taɓa jan wane,” ko “Ai matakalar nan ta daɗe tana rawa.” Tsautsayin ya aiko da manzo sau uku, sau huɗu, kowa ya ce Allah ya kiyaye, ya wuce. In ka yi tuntuɓe ba ka faɗi ba, kyauta aka ba ka, ka kai rahoto. Kuma a rubuce, da kwanan wata, ka riƙe kwafi. Maganar baki a baranda iska ce. Wannan ba kai ƙara ba ne, ba kuma tona asirin sashe ba ne. Shugaban da ya harari ma'aikaci don ya faɗi gaskiya, ya koya wa sauran yin shiru ke nan. In ka rubuta ba a kula ba, kana da ƙungiya, ko ASUU ce ko SSANU ko NASU ko NAAT, kuma ina fata su riƙa ɗaga murya kan wannan kamar yadda suke yi kan alawus.

Doka ma tana bayanku. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1994, wadda ta ce ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin zai halaka shi nan take, ba za a hukunta shi ba. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi, ba a cire ko kwabo daga naka. In ka ji rauni, ka sanar da hukumar wurin aikinka cikin kwana 14, ita kuma ta kai rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. Har haɗarin hanya tsakanin gidanka da wurin aiki ta ƙunsa, da kuma taɓuwar hankali da aiki ya jawo. Na ga mutane sun rasa haƙƙinsu don sun tafi gida wajen mai ɗori sun yi wata biyu ba su sanar da kowa ba. Ku gaya wa iyalanku wannan ƙa'ida yau da dare, domin in abin ya yi tsanani su ne za su bi.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Jami'an kwana-kwana suna jiranmu a fili, sun kunna wuta a rabin durom, kuma kowa sai ya riƙe tukunyar nan ya fesa da hannunsa kafin a ba shi takardar halarta. A tsaya iska tana bayanka. Masu babbar riga a bar ta a kan kujera, ba wanda zai ɗauka. Malam Magatakarda, ranka ya daɗe, kai ma ba a ɗauke maka ba. Za mu fita ta ƙofar baya, ga ta can hagu bayan labule, na sa an cire kwaɗon tun da safe.